Ishaku Mai Wanke Ƙullun Takarda

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar injin ban ruwa zuwa bayan tashar Talata Mafara don a duba masa, ya san Ishaku. Dogo ne siriri, furfura ta cika masa gemu, yana da wani busasshen tari da ke zuwa masa bibbiyu. Ba ya jan hira. Za ka ajiye injin, ku gaisa, ya tsuguna ya saurari ƙararsa, ya gaya maka ranar da za ka dawo. Mafi yawan masu zuwa wurinsa sun ɗauka tun tasowarsa bakanike ne. Kaɗan ne suka san ya yi shekara ashirin da biyu a wani kamfanin takarda can kudu, kuma aikinsa a can shi ne mayar da ƙullun itace fari.

Haifaffen Damaga ne, ta ƙasar Maradun, ɗan manomi mai 'yan shanu. Karatun sakandare ne ya kawo shi Talata Mafara, a nan ya haɗu da Hashimu, ɗan Damri ta ƙasar Bakura. Benci ɗaya suka zauna shekara biyar. Hashimu mai surutu ne da son ban dariya, Ishaku kuwa mai sauraro, shi ya sa ba su taɓa gajiya da juna ba. Da suka gama makaranta suka yi damina biyu a gida ba abin yi sai noma. Ana nan wani kawun Hashimu, direban babbar mota mai ɗaukar gungumen itace, ya zo ganin gida ya ce ana ɗaukar leburori a inda yake kai kaya. Ba su yi dogon tunani ba. Bayan sallah da kwana uku suka hau bayan motarsa.

Kamfanin yana bakin wani kogi ne, kewaye da dajin malaina da aka shuka layi-layi. Ana sare itacen, a ɓare ɓawon, inji ya daddatsa shi ƙanana, a dafa shi da soda a wata tukunya mai tsawon bene uku. Abin da ke fitowa ƙullu ne mai kauri, launin ƙasa, irin launin buhun siminti. Wani danƙo ne da ke haɗe zaren itace yake ba shi wannan launin, kuma muddin yana ciki, takardar ba za ta yi farin da za a yi rubutu a kanta ba. Sashen da ke cire shi ake kira ɗakin wanki. A can ake tura wa ƙullun iskar kulorin ta cikin bututu, a ɗauraye, a sake turawa, har ya fito fari tas.

Shekara biyu suka yi suna jidar itace kafin a lura suna da takardar sakandare, aka mayar da su ɗakin wanki. Ishaku ya koyi karanta agogon injuna, ya koyi buɗe bawul, wato marufin bututu, da rufe shi, ya san kukan kowane famfo. Ya dawo gida ya auro Taibatu daga Maradun, ya tafi da ita. Hashimu ma ya yi aure. Ɗakunansu na haya suna kallon juna a unguwar Hausawan garin, 'ya'yansu suna cin abinci a kwano ɗaya.

Ruwan da ke fita daga ɗakin wanki yana bin wata babbar kwata ne ya faɗa kogi. Inda yake shiga kumfa ce ke taruwa, jajaja, ba ta bajewa. Lokaci-lokaci masuntan ƙauyukan da ke ƙasa sukan zo bakin ƙofar kamfanin da kwandunan mataccen kifi, su zube su a ƙasa su tsaya. Wani babba ya fito ya yi musu magana, su watse. Ma'aikata sukan raɓa su wuce. Ishaku ma yakan wuce. Bai taɓa ganin abin ya shafe shi ba, shi dai an ce ya buɗe bawul ne ya rufe.

A shekararsu ta goma sha biyar, wata Laraba da hantsi, bututun kulorin ya tsage a mahaɗa. Ishaku yana saman matakala yana duba agogo ya ji wani huci, ya leƙa ƙasa ya ga hayaƙi rawaya-rawaya yana bin daɓe kamar ruwa. Mutum tara ne a ɗakin. Takunkuman kariya suna cikin akwatin ƙarfe, makullin kuma yana hannun wani shugaban aiki da ya tafi ofis. Kowa ya nufi ƙofa. Hashimu ne mafi kusa da babban bawul. Ya cire rigarsa ya tsoma a bokiti, ya ɗaure hanci da baki, ya shiga cikin hayaƙin. Ya rufe bawul ɗin kuwa, amma bai fito ba. Ishaku ne ya koma ya jawo shi ta ƙafa har waje, sannan shi ma ya faɗi.

A asibiti gadajensu suna kusa. Kwana uku Ishaku yana jin numfashin abokinsa kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Rana ta uku da la'asar ƙarar ta tsaya. Ma'aikaciyar jinya ta ja labule. Mutanen unguwa suka zo suka ɗauke shi suka yi masa sutura, Ishaku yana kwance da robar iska a hanci, yana kallon fankar da ke juyawa a sama. Ya jira kuka ya zo. Ya san ya kamata ya zo. Abin da ya ji kawai shi ne ƙishirwa.

Bayan mako biyar aka sallame shi. Shi ya rako matar Hashimu da 'ya'yanta huɗu zuwa Damri, da akwatin kayan mamacin a kan cinyarsa tun daga kudu. Mahaifiyar Hashimu, wadda su biyun suke kira Inna, tana zaune a tabarma a inuwar rumbu. Ya durƙusa suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi hanya, ta tambayi Taibatu da yara, ta tambayi jikinsa, ya yi mata ta'aziyya ta amsa. Sannan ta dubi akwatin.

Ta ce, “An ce kana kusa da shi.”

Ya ce, “Awo, Inna. Gadonmu na haɗe.”

“Ya bar wata magana?”

Ishaku ya yi tunani. Yana so ya samo mata wani abu da za ta riƙe, amma bai iya ƙirƙira ba. Ya ce, “Ruwa ya nema. Anka ba shi.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce, “To, madalla da anka ba shi.” Ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan gidan suka soma kuka daga ciki. Shi kuwa yana durƙushe yana kallon wata kaza da ke tonon ƙasa a gindin rumbun, har aka kawo masa fura. Ya sha, bai ji ɗanɗanon komai ba. A nan ya fara gane hancinsa ya mutu.

Ya koma bakin aiki. An canza bututun, an rataye makullin akwatin takunkumi a jikin ƙusa, an shafa sabon fenti. Taibatu ta yi ta roƙonsa su koma gida.

Ta ce, “Malam, wurin ga ya ci mutum gabanka. Mi kake jira?”

Ya ce, “In tahi in yi mi?”

Ba gardama yake yi ba, tambaya ce. Ba ya faɗa, ba ya tsawa, ba ya fashin sallah. Yakan dawo ya zauna a ƙofar ɗaki, yara su hau jikinsa su sauka. Wata rana miya ta kama a kan risho har hayaƙi ya cika tsakar gida, yana zaune taku biyu daga tukunyar bai motsa ba, sai maƙwabta ne suka shigo. Tun Taibatu tana kuka a ɓoye har ta daina, ta koyi zama da shi a haka.

Shekara uku bayan haka kamfanin ya koma hannun wasu mutane. Masu sayen takardarsu na waje sun ce ba za su ƙara karɓar wadda aka wanke da iskar kulorin ba. Aka kawo wani dattijon injiniya ɗan Indiya ya sauya tsarin ɗakin wanki. Aka kwashe tankokin kulorin. A madadinsu aka kafa wata tukunya da ake tura wa ƙullun iskar oksijin da zafi, ita ke cire mafi yawan danƙon. Abin da ya rage kuma a wanke shi da haidurojin, wannan ruwan da ake zuba wa ciwo a kemis ya yi kumfa, sai dai nasu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dattijon ya tara su ya ce amfanin haidurojin shi ne idan ya gama aikinsa ruwa yake komawa da iska, ba ya barin dafin da kulorin ke bari. Amma yana da tsirfa. Yana son soda daidai gwargwado, yana son zafi ba tafasa ba, kuma ba ya shiri da tsatsa. Da ya haɗu da ƙarfe mai tsatsa sai ya ƙone kansa kafin ya taɓa ƙullun.

Cikin ma'aikatan babu wanda ya kama abin kamar Ishaku. Ba don yana ɗoki ba, sai don babu wani abu da ke raba masa hankali. Dattijon ya lura da shi, ya riƙa jan sa suna zagaya tare, yana nuna masa awo. Wata rana suna tsaye suna kallon farin ƙullu yana gangarowa, Ishaku ya tambaye shi da Turancinsa na wurin aiki, shin wannan hanyar sabuwa ce.

Dattijon ya ce, “A'a. A wasu ƙasashen an fi shekara goma ana yi.”

Ishaku ya lissafa a zuci. Shekara goma baya, Hashimu yana nan, ko ɗansa na uku ba a haifa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce to. Sannan ya je ya duba ma'aunin zafi, don lokacin dubawa ya yi.

Kumfar bakin kogi ta ragu. Masunta suka daina zuwa ƙofa. Amma abin bai daɗe ba. Wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada, takardar da ake shigowa da ita ta jirgin ruwa ta fi tasu araha. Shekara huɗu da sauyin aka tara ma'aikata a fili aka karanta musu takardar sallama. Ishaku ne ya rufe bawul na ƙarshe a ɗakin wanki, ya goge hannu, ya miƙa makulli.

Bai koma Damaga da zama ba. Iyayensa sun rasu, hanyar ma ta daina biyuwa yadda aka saba saboda rashin tsaro, 'yan uwansa da yawa sun riga sun taso. Ya kama gida a Talata Mafara. Tun da ya san famfo ciki da waje, sai ya kafa rumfa a bayan tasha, masu noman rani suka riƙa kawo masa injuna. Haka ya yi shekara goma. Ranar Talata kasuwa ta cika ta batse, washegari ta watse, shi yana nan a tsugune da sifana a hannu. Bai taɓa yi wa kowa zancen takarda ba.

Wata rana bayan girbin shinkafa wani manomi mai suna Ɗantala ya ɗauke shi a babur zuwa gonarsa a wajen Bakura, don injinsa ya yi nauyin da ba zai iya ɗauko shi ba. Ko'ina a fadamar hayaƙi ne, manoma suna ƙona karan shinkafa don su share gona. A gefen kanal ɗin da ke kawo ruwa akwai wata rumfar kwano, mata huɗu a ciki da duro biyu a kan murhu. Ishaku yana kwance injin sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, tarin ya taso masa ba bibbiyu ba, a jere. Hancinsa bai ji komai ba, amma ƙirjin ya gane. Ya ajiye sifana ya miƙe ya nufi rumfar.

Wata mace mai gilashi, da farar rigar ɗakin gwaji a kan hijabinta, tana tsiyaya wani ruwa daga jarka cikin baho. A cikin bahon ƙullu ne launin ƙasa. Daga bayan rumfar kuma an tona 'yar hanya da ke kai ruwan wankin cikin kanal.

Ya yi sallama, suka gaisa, ta amsa tana ɗan mamaki. Ɗantala da ya biyo shi ya ce wannan ita ce Malama Na'ima, tana koyar da kimiyya a wata kwaleji a Mafara, shi ya ba ta aron gefen gonar. Ita kuma ta yi bayani da kanta. Ta ce karan nan da ake ƙonawa ana iya yin takarda da shi, ta gwada a ɗakin gwaji ta ga ya yiwu, shi ne ta tara matan nan su koya ya zama sana'a.

Ishaku ya ce, “Malama, bilic na wankin fararen kaya na kike zubawa.”

Ta ce, “Shi ne, Baba. In ba shi ba, ba ta yin fari.”

“Ruwan ga da ke fita, wa ke sha nai can ƙasa?”

Ta waiwaya ta dubi 'yar hanyar. Ta ce, “Ai kaɗan ne. Kanal ɗin na da ruwa da yawa.”

Ya ce, “Shanu na sha. Mata na wanki. Yanzu baho guda na, in sana'a ta kama sai ya zama goma.” Ya yi tari ya share baki. “Bilic ɗan uwan kulorin na. In ya haɗu da danƙon kara, abin da yake haihwa ba ya mutuwa cikin ruwa.”

Malama Na'ima ta ajiye jarkar. Ta dube shi da kyau, da rigarsa mai baƙin mai. Ta ce ta san da haka, ta karanta, ta ma san ana yi da haidurojin, amma sau uku tana gwadawa yana tashi da kumfa kamar zai zube, ƙullun kuma ya fito yadda ya shiga. Ya tambaye ta a cikin me ta yi. Ta nuna masa duron ƙarfen da ke kan murhu. Ya leƙa ciki, ya shafa gefen da yatsa, ya nuna mata jan da ya fito.

Ta ce, “Baba, a ina ka san wannan?”

Ya gaya mata sunan garin da yawan shekarun, bai ƙara komai ba. Ya koma ya gama gyaran injin Ɗantala.

Kwana biyu bayan haka ta zo rumfarsa ta bayan tasha, ta tsaya har ya sallami mutum biyu, ta roƙe shi ya zo ya nuna musu. Bai ji yana so ba, bai kuma ji ba ya so ba. Ya ce ranar Asabar ba ya da aiki sosai. Da ya gaya wa Taibatu sai ta daina tankaɗen da take yi.

Ta ce, “Takarda kuma, Malam? Bayan duk abin da ta yi muna?”

Ya ce, “Wagga ba irin waccan ba ta.”

Ta dube shi ko za ta ga wani abu a fuskarsa. Ba ta gani ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar ɗin farko bai taɓa ƙullu ba. Ya sa aka toshe hanyar da ke kai ruwa kanal, aka haƙa rami nesa da shi aka shafe da siminti. Ya ce ko ruwan dafa karan da soda ba na zubawa a kanal ba ne, a bar shi a ramin rana ta shanye. Ya sa aka sayo safar hannu ta roba da tabarau, ya ce haidurojin mai ƙarfi yana ƙona fata, duk wadda ba ta sa ba kada ta matso. Babbar cikin matan, Hindatu, wata bazawara 'yar Bakura mai saurin baki, ta ce su da suka saba da soda wurin yin sabulu mi zai ba su tsoro. Ya miƙa mata safar, ya tsaya har ta sa.

Asabar ta biyu aka fara. Aka dafa kara, aka daka a turmi, aka ɗauraye. Ya sa aka jiƙa ƙullun a ruwan lemun tsami, don ya janye ɗan ƙarfen da ke cikinsa, aka sake ɗaurayewa. Ya auna soda kaɗan, ya auna silikat irin wanda masu sabulu ke saye a kasuwa, ya ce shi ke riƙe haidurojin kada ya gudu. Aka zuba komai a bokitin roba mai murfi, aka tsoma bokitin cikin duron ruwan zafi, yadda ƙullun ba zai taɓa ƙarfe ba. Ya zauna a kan dutse da ma'aunin zafin Malama a hannu, yana cewa a ƙara itace, a janye itace. Awa biyu.

Da aka buɗe, ƙullun bai yi fari ba, ya dai yi haske kaɗan. Matan suka dubi juna. Ishaku ya ɗebo ya murza, ya tambayi inda aka ɗebo ruwan ɗauraya. Aka ce rijiyar burtsatse. Ya ce a kawo masa a kofi, ya ajiye a rana, bayan ɗan lokaci gindin kofin ya yi ja, alamar akwai tsatsa a ruwan. Mako na gaba aka yi da ruwan kanal da aka bari ya kwanta kwana biyu a randa. Wannan karon da Hindatu ta ɗaga murfin sai ta kira sauran. Ƙullun ya fito launin madara, ba fari ƙal ba, amma fari.

Suka ɗebe shi da rariya mai firam ɗin katako, suka kife a kan yadi, suka matse da jak ɗin mota, suka shanya. Malama Na'ima ta ɗebi ruwan ɗaurayar ƙarshe a baho ta saka ƙananan kifaye biyar da Ɗantala ya kamo mata. Bayan kwana uku ta kira Ishaku a waya, ta ce duka biyar suna nan suna iyo. Ya ce to, madalla. Ta jira ya ƙara wani abu. Ya ce kada ta manta a rufe jarkar haidurojin a ajiye ta a inuwa.

Sana'ar ba ta tashi da gudu ba. Wani mai maɗaba'a daga Gusau ya zo ya ɗaga takardar ya ce ba ta kai farin da ake so a littafin makaranta ba, ga kauri. Ya ce in za su iya ƙara mata fari zai ɗauki da yawa. Bayan tafiyarsa Hindatu ta zo ta tsuguna gefen Ishaku.

Ta ce, “Baba, da mun ɗan ɗiga bilic a ƙarshe? Cokali biyu kawai. Ba wanda zai sani.”

Ya ce, “Rumfarku ta. In kun tashi zubawa ku gaya mani ranar, in zauna gida.”

Ba da fushi ya faɗa ba, da muryar da yake faɗin ranar karɓar inji ya faɗa. Hindatu ta daɗe a tsugune. Ba a zuba ba. Suka gwada wanki biyu a jere da haidurojin, takardar ta ƙara haske, mai maɗaba'ar ya sake dubawa ya ce har yanzu da saura. Littafin makaranta dai bai yiwu ba. Mata biyu suka gaji suka bari.

Abin da ya riƙe rumfar daga wani gefe ya zo. Mai maɗaba'ar ya tafi da 'yan fallaye ya buga wa wani katin ɗaurin aure a kansu, don kaurin ya dace da kati. Waɗanda aka raba wa suka riƙa tambayar inda aka samo irin wannan takarda mai launin madara da laushi a hannu. Daga nan aka fara aiko wa Hindatu saƙo daga Gusau, daga baya har daga Sakkwato. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma ya isa a riƙa kunna murhu sau biyu a mako. Matan da suka tafi ɗaya ta dawo, aka sami sababbi uku. Ɗantala da maƙwabtansa biyu suka daina ƙona karansu, suna tara musu a gefe. Sauran fadamar kuwa har yau ana ƙonawa.

Da shekara ta zagayo Malama Na'ima ta sami gurbin ƙarin karatu a Zariya. Ranar da za ta tafi ta zo yi wa Ishaku sallama, ta ce ta sa sunansa a rubutun da ta yi a kan aikin, ta nuna masa a waya. Ya duba, ya ce an rubuta daidai. Ta ce ba ta san yadda za ta gode masa ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a. Rumfar ta koma hannun Hindatu, wadda yanzu ba ta bukatar ma'auni kafin ta san zafi ya yi, kuma takan kori duk wadda ta zo ba safar hannu. Ishaku ya rage zuwa, sai in wani abu ya rikice a aiko masa.

A bara aka sa ranar auren autarsa Larai, wadda ta gama makarantar koyon jinya. Ba tare da ta gaya masa ba, Taibatu ta hau mota ta je Bakura da kanta ta ga rumfar da ta daɗe tana jin labari. Ta dawo ta ce matan suna da kirki, wurin kuma ba wari. Mako biyu bayan haka aka kawo katunan gayyatar auren daga Gusau cikin kwali, Hindatu ta ce takardar gudummawarsu ce. Taibatu ta zaro ɗaya ta miƙa masa, ita da Larai suka tsaya suna kallonsa.

Ya karanta sunayen da ranar. Ya ɗaga katin sama ya duba shi a hasken rana, ya juya bayansa, ya shafa da babban yatsa. A kusurwa ɗaya akwai ɗan siririn kara da bai daku ba.

Larai ta ce, “Baba, ya yi kyau?”

Ya ce, “Ya yi. Sun ɗan yi gaggawa wurin daka.”

Taibatu ta yi 'yar dariya ta karɓe katin. Ta ware masa guda talatin na abokan sana'arsa da mutanen masallaci, ta ɗaure da roba. Ya sa su a aljihun gaba, ya ɗauki jakar sifanunsa, ya ce zai fara da na bayan tasha, don akwai wani mutumin Jangebe da ya ce zai kawo inji da hantsi.